Kalmar Da Ta Kulle Suwic Goma Sha Biyu

Abba da Ummi, wannan babin naku ne, don wallahi na gaji da yarfin da kuke yi mini a gaban baƙi. Duk wanda ya shigo gidanmu sai kun nuna ni kun ce, "Ga Yaya Zainab, ita ce ta kashe intanet ɗin boda ranar kasuwa," ku yi ta ƙyaƙyatawa. Ban ce ƙarya kuke yi gaba ɗaya ba. Amma lokacin kuna firamare, ba ku san abin da aka yi a zauren Baba ba, ba ku kuma san abin da Kawu Isuhu ya rasa saboda ni ba. Shekaranjiya sakamakonmu na ƙarshe ya fito, na cinye tas, har yanzu ƙafata ba ta gama taɓa ƙasa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna da 'yan yatsuna biyu a kan wayar nan in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ban manta ba.

Shekarar da na gama ajin farko a fannin kwamfuta, makaranta ta ce kowa ya nemi inda zai yi aikin koyo na wata huɗu. Baba dama can bai so karatun nan ba. Shi burinsa in shiga makarantar kiwon lafiya, in sa farin kaya, in ya zauna a rumfarsa ta hatsi ya ce 'yarsa malamar asibiti ce. Abin da nake yi kuwa sunansa a wurinsa "latse-latse". Da Inna ta ce ga ƙaninta Isuhu yana irin wannan aikin a bakin boda, me zai hana in je wurinsa, sai Baba ya ajiye kofin kunu ya dube ni.

"Abu, bakin boda wurin maza ne, wurin hayaniya. Na yarda saboda kawunki ne. Amma ki ji da kyau. Ranar da aka kawo mini ƙararki ko sau ɗaya, kin gama. Ki dawo gida, mu sayi fom ɗin kiwon lafiya."

Na ce na ji na yarda. Inna, da ba ta faɗin sunana saboda ni ce ta fari, ta ce, "Ke 'yar nan, kin dai ji. Ki rage rawar kan nan naki." Ni kuwa a raina cewa nake, ƙara kuma? Ni? Ni da duk ajinmu babu mai saurin hannuna, ina rubutu ina kallon fuskar mutum muna hira. Ji da kai nake yi ba kaɗan ba.

Kawu Isuhu kun san shi yanzu da furfura a gemu, amma ko lokacin haka yake, siriri, shiru-shiru, kullum da biro a bayan kunne. A Maradi aka haife shi kamar Inna, can ya yi karatu, shi ya sa in ya ce "rezo" netwok yake nufi, laftof ɗinsa kuma "ordi". Shagonsa kwantena ce da aka yanka wa taga, kusa da inda manyan motoci ke jerawa. Aikinsa shi ne kula da netwok ɗin ƙungiyar ejan-ejan, wato masu cike wa direbobi da 'yan kasuwa takardun shige da fice a kwamfuta. In netwok ɗinsu ya tsaya, takarda ba ta fita, in takarda ba ta fita ba mota ba ta motsawa. Ofisoshinsu layi-layi ne, kowane layi da suwic ɗinsa a rataye a sama. Suwic wani akwati ne falale mai ramuka a jere, kowace kwamfuta da kebul ɗinta a rami guda, shi ke rarraba musu hanya. Guda goma sha biyu ne. Kawu bai sa musu lamba ba, suna ya raɗa musu da inda suke: Mai-shayi, Bayan-masallaci, Gindin-darbejiya, haka har ƙarshe.

Satin farko ya kusan kashe ni da gajiya. Kowane suwic yana da shafinsa da ake buɗewa a burauza. Ka rubuta adireshinsa, ka sa kalmar sirri, ka jira ya buɗe, ka danna nan ka danna can, ka canza abin da za ka canza, ka adana, ka fita. Sannan na biyu. Sannan na uku. Abu ɗaya tak sai na maimaita shi sau goma sha biyu. Ranar Alhamis na kasa daurewa na ce, "Kawu, wannan ai aikin jaki ne." Ya yi murmushi ya ce daman jira yake in faɗa. Ya jawo ordi ɗinsa ya buɗe wani baƙin allo, ya nuna mini 'yan layukan rubutu da ba su kai shafi biyu ba. Ya ce sunansa sikirif. A gefe ga jerin sunayen suwic da adireshinsu. Sikirif ɗin zai ɗauki na farko, ya shiga, ya ba shi umarni, ya adana, ya fito, ya wuce na gaba, shi kaɗai. Ya danna. Kafin in gyara zaman hijabina sunaye sun gama gangarowa, kowanne da "an yi" a gabansa. Na miƙe tsaye na ce, "Kai! Kawu, ashe kai ƙwaro ne!"

"To mi ya sa kika ga na bar ki kina wahala kwana huɗu?" in ji shi. "Wanda bai yi da hannu ba bai san abin da shika cewa na'ura ta yi ba. Ɗiyata, sikirif ba shi da hankali. In kin ba shi daidai, shi yi daidai sau sha biyu. In kin ba shi kuskure, shi ma sau sha biyu."

Ban taɓa ganin mai aiki irin Kawu ba, har yau da na ga malamai kala-kala. Ba ya rubuta layi ɗaya a kwamfuta sai ya fara rubuta shi a takarda da Hausa: shiga, duba, canza, duba kuma, fita. Akwai wani tsohon suwic a ƙarƙashin teburinsa da yake kira Ɗan-gwaji, komai sai an fara a kansa. Ba ya yarda a ajiye kalmar sirri a cikin sikirif. Duk lokacin da za a tayar da shi sai ya tambaya, mutum ya rubuta da hannu, kuma allon ba ya nuna ko ɗigo yayin da kake rubutawa. Tare muka haɗa wani shafi mai akwatuna goma sha biyu, kore in lafiya, ja in da matsala, wanda Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyar, yake buɗewa a wayarsa yana nuna wa abokansa kamar shi ya ƙera. Ni na zaɓi launukan. A wata na biyu ni ke rubuta sikirif, Kawu yana dubawa. Alhaji ya ji daɗin aikin har ya ce sabuwar tashar manyan motoci da ake ginawa, Kawu zai ja mata netwok. Kawu ya shekara yana jiran wannan aikin. Zanen tashar yana manne a bangon kwantena, ya cika shi da layukan jan biro.

Wata Asabar da yamma Kawu ya ce lokacin canza kalmar sirri ya yi, kuma yau ni zan zaɓa. Laftof ɗina caji ya ƙare, ga babu wuta. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya turo mini ordi ɗinsa, wanda ko goge shi ba ya bari a yi. Shi ya tayar da sikirif ɗin, ya sa tsohuwar kalma da kansa, ya ce, "Sabuwar kawai za ki sa, sau biyu. Bari in tahi la'asar." Na zaɓi "mazanya", garin kakarmu, don kar in manta. Na rubuta shaf-shaf ina kallon wani direba da ke faɗa da kwandastansa ta taga. Sikirif ɗin ya ce in maimaita, na maimaita. Suka yi daidai da juna. Sunaye suka gangaro, an yi, an yi, an yi, har sha biyu. Na rubuta kalmar a 'yar takarda na ba Kawu da ya dawo, ya ninke ya sa a aljihu. Na tafi gida ina tafiyar gayu.

Washegari Lahadi, kasuwar Jibiya. Kun san yadda bakin boda yake ranar. Wajen ƙarfe tara sabis ɗin da muke samu daga ɓangarenmu na Najeriya ya ɗauke. Wannan ba sabon abu ba ne, ba kuma laifina ba ne, ku rubuta wannan ku ajiye. Kawu yana da layi na biyu daga ɓangaren Nijar don irin ranar, sai dai a rufe yake, sai an shiga suwic ɗin duka an juya su kansa. Da sikirif, aikin minti biyu ne. Na buɗe laftof ɗina da ya sha caji, na tayar, na rubuta mazanya. Mai-shayi ya ce ba daidai ba. Bayan-masallaci ya ce ba daidai ba. Duka sha biyun suka ƙi ni. Na sake. Na sake a hankali, harafi bayan harafi. Kawu ya ciro takardar, ya rubuta a ordi ɗinsa yana duban kowane maɓalli. Suka ƙi shi. Muka gwada ta burauza, muka gwada tsohuwar kalma, muka gwada da babban baƙi. Ko gezau.

Kafin ƙarfe goma ƙofar kwantena ta cika. Ejan-ejan da fayil a hannu, direbobi a bayansu, wani mai motar tumatir yana rantsuwa kayansa sun fara ruwa. Wani Bamarade mai babbar mota ya leƙo ta taga yana cewa, "Isuhu, kamiyo na nan tun asuba, mi ya hwaru da rezo?" Ni kuwa sai sake rubuta kalmar nake yi, ana ƙin ta. Abin da nake ji a kunnena kawai muryar Baba ce, ko sau ɗaya. Alhaji Mamman ya kutso, babbar rigarsa a kafaɗa.

"Isuhu! Ba ka ce minti biyu ba ne? Akwatunan nan nawa duk sun yi ja! Ba akwai wani rami da ake soka wa allura ya koma sabo ba?"

"Akwai, Alhaji. Amma in na soka, komi ya goge. Sai na hau tsani layi sha biyu ina maida su ɗaya-ɗaya, har magariba ba mu gama ba. Ka ba ni rabin awa."

Alhaji na fita Kawu ya tura ƙofar ya rufe, hayaniya ta koma waje. Na ɗauka yanzu zai balbale ni. Sai ya zuba ruwa a kofi ya miƙo mini, ya jawo kujera ya zauna kamar ba a kasuwa ake ba. Bai ce me kika yi ba. Cewa ya yi in ba shi labarin jiya tun daga lokacin da ya fita. Na ce na zauna. Ya ce a ina? Na ce a kujerarka. Ya ce a gaban wace na'ura? Na ce taka. Ya ce ina kike kallo lokacin da kike rubutawa? Na ce taga, wani direba ne ke faɗa. Kawu ya matso kusa da tebur. Ya dubi ordi ɗinsa, ya dubi laftof ɗina, ya dubi hannuna. Sai na ga kafaɗunsa sun fara girgiza. Wallahi dariya yake yi, ana dukan ƙofa.

"Zo zauna nan. Dubi taga kamar jiya. Kar ki kalli hannunki. Rubuta mini sunanki."

Ya buɗe farin shafi. Na dubi taga na rubuta Zainab. Da na juyo, abin da ke kan allo shi ne Wqinqb. Na ce, "Kawu, ordi ɗinka ya lalace." Ya ce in sunkuya in dubi maɓallan. Sai a lokacin na gani. Na'urarsa ta Nijar ce, jerin haruffan Faransanci gare ta. Inda yatsana ya saba samun A, Q ne a wurin. Inda Z yake a tawa, W ne a tasa. Inda M yake, waƙafi ne. Wata biyu ina zaune kusa da ita ban taɓa lura ba, don ba a taɓa barina na taɓa ta ba, ni kuma ba na kallon maɓalli. Jiya ba mazanya na ba suwic ɗin ba. Abin da na ba su, har sau biyu iri ɗaya, shi ne ,qwqnyq. Kawu da ya rubuta yana kallo, daidai ya rubuta, shi ya sa aka ƙi shi. Ya tayar da sikirif ya ce, "To sake yin kuskurenki, ɗiyata. Yi shi da kyau." Na dubi taga, na saki yatsuna. Mai-shayi, an yi. Bayan-masallaci, an yi. Na kurma ihu har Alhaji ya banko ƙofa yana zaton wuta ce ta ja ni.

Motoci suka fara motsawa kafin azahar. Amma mai tumatir ya yi asara, wasu kuma sun rasa layinsu, kuma duk a kan Alhaji suka sauke. Bayan sallah ya dawo ya tsaya a bakin kwantena ya ce a gaya masa wanda ya yi. Kawu ya ce shi ne, don shi ya ba ni na'urar da ban sani ba bai gaya mini ba. Ni na san da na yi shiru magana ta mutu a nan. Amma ina kallon mutumin da ya ba ni ruwa lokacin da ya kamata ya zage ni, sai bakina ya buɗe da kansa na ce, "Alhaji, ni na rubuta. Ban duba ba." Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce daman ya faɗa, wannan ba wurin wasan yara ba ne. Sannan ya ce wa Kawu su zaga baya su yi magana. Ban ji abin da suka ce ba. Kawu ya dawo, ya ɗauki biro, muka gyara sikirif ɗin: daga ranar, in za a canza kalma, mutum ɗaya ya rubuta a na'urar Najeriya, na biyu ya gwada shiga da ita a ta Nijar a kan Ɗan-gwaji, kafin a taɓa sauran.

Alhaji Mamman sahu ɗaya suke sallah da Baba, na san labari zai iso. Don haka da na koma gida ban ko cire takalmi ba na durƙusa na faɗa wa Baba komai. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya ji daɗi da ya ji daga bakina, amma magana magana ce, gobe ba inda za ni. Inna ta buɗe baki ya ɗaga mata hannu. Kwana tara na yi a gida. Ku kuna tuna lokacin da nake muku wanki ina kuka kuna cewa sabulu ne ya shiga idona? To lokacin ne. Baba har ya aika a tambayo ranar da za a fara sayar da fom. Kawu kuma ko leƙowa bai yi ba, na ce shi ke nan, shi ma ya huta da ni.

Rana ta tara bayan la'asar Baba ya dawo fuskarsa wata iri, ya aika a kira Kawu. Ina bayan ƙofar zaure, ba zan ɓoye muku ba, laɓe na yi. Kun san Baba da Kawu wasa suke yi na miji da ƙanin mata, amma ranar muryar Baba ba wasa a ciki.

"Isuhu, yau Alhaji Mamman ke gaya mini aikin sabuwar tasha an ba wani daga Katsina. Ya ce shi ya ce maka aikin naka ne, sharaɗi ɗaya, Abu ba za ta sa hannu ba. Ka ce masa a ba wani. Haka aka yi?"

"Haka anka yi, Yaya."

"Kai wane irin Bamarade ne mara wayo? Yarinyar da na riga na zaunar a gida? Ka bar aikin shekara saboda wadda ba ta ma wurin?"

"Lokacin ban san za ka zaunar da ita ba. Da na sani ma haka zan ce. In na yarda, kowa a bakin boda zai ce ta ɓata aiki an kore ta, sunan ya bi ta. Ba ta ɓata ba. Kuskure guda ta yi, irin wanda sai mai saurin hannu ka yin shi, kuma ta tashi gaban mutane ta ce ita ce. Na koya wa maza shida aikin ga, Yaya. Ba wanda ya kama ƙafarta."

"To me ya hana ka zuwa ka roƙe ni?"

"Ɗiyarka ce. Ka yi magana a gidanka, ba ni zan zo in tayar ba."

Can Baba ya ce, "Abu, fito daga bayan ƙofar nan, ina ganin ƙafarki." Na fito kamar in nutse. Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi bai san suwic ba, bai san sikirif ba, amma ya san mutum ba ya barin abincinsa a kan abin banza. Ya ce maganar fom a bar ta. Gobe in shirya.

"Amma don Allah," in ji shi, "ki riƙa kallon abin da kike rubutawa."

Kawu ya fashe da dariya, Inna ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida, ni kuwa tsalle na yi har na taka butar Baba ta kife. Da safe tun kafin bakwai ina bakin kwantena. Zanen tashar babu shi a bango, sai tabon salatif kusurwa huɗu. Na tsaya ina kallon wurin, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri da na kwana ina shiryawa. Kawu bai bari na fara ba. Ya ɗauke laftof ɗina ya sa a durowa ya kulle, ya turo mini ordi ɗinsa gabana.

"Yau ba sikirif," in ji shi. "Zauna ki koyi haruffan ƙasar uwarki."